Yadda ake haɗa sensar ƙofa da taga da hob ɗin gida har ta riƙa aiki yadda ya kamata

Sensar ƙofa abu biyu ce, babban ɓangare mai batir da ɗan ƙaramin da ba komai a cikinsa sai maganaɗisu. A cikin babban akwai wani ɗan makunni mai ƙarafa biyu sirara a cikin gilashi, in maganaɗisun yana kusa sai su haɗe, da zarar an buɗe ƙofa ya yi nisa sai su rabu, ita kuma sensar ta tura wa hob saƙo cewa an buɗe. Hob ɗin shi ne ɗan akwatin da yake karɓar saƙon duk na'urorin gidan ya miƙa wa wayarka. Shi ke nan duk ilimin da kake buƙata. Yawancin sensar da ake kawo min ana cewa ta lalace lafiyarta ƙalau, ko dai an manna ta kafin a gwada, ko ƙofar ƙarfe ce ta cinye ƙarfin maganaɗisun, ko kuma ɗauke wuta ne ke watsa komai, don haka a nan ne zan fi tsayawa.

Kayan da za ka tanada

Sensar kanta, da hob da cajarsa. Waya mai manhajar kamfanin, Smart Life ko Tuya, Aqara Home, eWeLink in na Sonoff ne, ko SmartThings. Lambar sirrin Wi-Fi ɗin gidan. Tsinken cire sim, saboda da yawansu maɓallin a cikin ɗan rami yake. Sifirit da tsumma mai tsafta. Salatif na takarda irin na masu fenti don gwaji, da salatif mai gam gaba da baya mai kauri don mannawa ta ƙarshe. Ɗan guntun katako ko roba mai kauri kamar rabin santimita zuwa ɗaya in ƙofarka ta ƙarfe ce. Sai batir na ajiya, amma ka buɗe sensar ka karanta lambar da ke jikin nata kafin ka saya, don ba iri ɗaya ba ne, Sonoff SNZB-04 tana cin CR2032, tsohuwar Aqara ƙarama tana cin CR1632, na Tuya da yawa kuma batir AAA guda biyu ne. In ba ka da sifirit, ruwan sabulu kaɗan ya yi amma ka bari wurin ya bushe sosai.

1. Ka tabbatar sensar da hob ɗin yarensu ɗaya

Wannan kafin ma ka fitar da kuɗi ne. Ka duba jikin kwali, za ka ga ɗaya daga cikin waɗannan: Zigbee, Z-Wave, Wi-Fi, ko Thread da Matter. Hob mai jin Zigbee ba ya jin Z-Wave, ko ka kwana kana danna maɓalli.

Ni dai Zigbee nake ba mutane shawara, tana da sauƙin samu, ba ta cin batir, kuma saƙon yana zuwa nan take. Mai Wi-Fi ba ta buƙatar hob kwata-kwata, shi ya sa take jan hankalin masu farawa, amma duk sanda aka buɗe ƙofa sai ta farka ta nemi rauta, wato na'urar da take ba gidan Wi-Fi, ta haɗu sannan ta tura saƙo, sai ka ga an ɗau wasu daƙiƙu, batirin kuma ba ya jimawa. Z-Wave tana da kyau amma mitarta ta danganta da ƙasa, ta Amurka tana kan megahaz 908.42, ta Turai kuma 868.42, to in ɗan'uwanka ya aiko maka da hob daga Amurka kai kuma ka sayi sensar da aka yi wa kasuwar Ingila, ba za su taɓa jin juna ba. Matter kuma sabon tsari ne da ya fito a 2022 don na'urorin kamfanoni daban-daban su riƙa aiki tare, amma sensar Matter mai batir yawanci ta kan Thread take tafiya, sai hob ɗinka yana da Thread a ciki.

Akwai wani tarko kuma. Kasancewar duka biyun Zigbee ne bai nufin dole su haɗu. Hob ɗin Aqara nasa yake so, na Tuya ma ya fi zama lafiya da kayan Tuya. In kana farawa ne ka sayi hob da sensa na kamfani ɗaya ka huta. Wanda yake son gauraya kaya kala-kala, hanyarsa ita ce manhajar Home Assistant a kan ƙaramar kwamfuta da ɗan dongul na Zigbee, wato 'yar na'urar da ake sokawa a ramin USB don kwamfutar ta yi aikin hob, irin Sonoff ZBDongle, wannan kusan kowace sensa yana karɓa, sai dai yana son wanda zai zauna ya koya.

2. Ka zaunar da hob ɗin tukuna

Wurin da ka ajiye hob shi ne rabin aikin. Ka nemi tsakiyar gida, sama-sama kamar kan kanta, ba bayan talabijin ba, ba cikin durowar ƙarfe ba, ba ƙasa a lungu ba. Kuma kar ka ɗora shi a kan rauta ko ka manna su tare, don Zigbee da Wi-Fi duk a kan mitar rediyo ta 2.4GHz suke, suna danne juna, ka ba su tazarar mita ɗaya ko fiye. Masu dongul, ku sa masa wayar USB ta ƙari ku nisanta shi da jikin kwamfutar, ramin USB 3.0 yana fitar da hayaniyar da take dagula siginar, wannan ɗan abin kaɗai yana gyara matsala mai yawa.

Sai haɗa shi da intanet. In hob ɗin mai ramin kebul ɗin intanet ne ka soka masa kebul daga rauta, ya fi tabbas. In na Wi-Fi ne, mafi yawansu 2.4GHz kawai suke kamawa, ba sa ganin 5GHz, to ka tabbatar wayarka tana kan 2.4 lokacin da kake haɗawa, in rautar ta haɗe biyun da suna ɗaya ka shiga saitinta ka kashe 5 ɗin na ɗan lokaci. Ka kunna Bluetooth da lokeshan a wayar, manhajar tana nemansu wajen gano hob. In ya nuna akwai sabuntawa ka bar shi ya gama kafin ka ƙara ko sensa ɗaya.

Maganar wuta kuma ba a tsallake ta. Sensa tana da batirinta, amma hob da rauta ba su da shi, NEPA na ɗaukewa komai ya tsaya, kuma daidai lokacin duhun ne ka fi buƙatarsu. In akwai inbata ka sa su a layinta. In babu, ka sayi ƙaramin UPS ɗin rauta, wato ɗan akwatin batir mai riƙe ta in an ɗauke wuta, mai fitar da bolt 5 da 9 da 12, yawancin ƙananan hob da bolt 5 na USB suke aiki. Fawa bank ma yana yi amma ka gwada shi da kyau, wasu suna kashe kansu in abin da aka jona ba ya jan wuta sosai, wasu kuma suna yanke wuta na ɗan lokaci duk sanda aka kawo ko aka ɗauke, hob ɗin ya yi ta mutuwa yana tashi.

3. Ka haɗa sensar a kan tebur, ba a jikin ƙofa ba

Ka zauna kusa da hob, kamar taku biyu. A manhaja ka shiga cikin hob ɗin ka danna wajen ƙara na'ura, zai fara nema, yawanci minti ɗaya zuwa biyu yake bayarwa. Sannan ka zare 'yar ledar da aka saƙala tsakanin batir da ƙarfensa, mutane da yawa suna manta ta. Wasu sensar da an zare suke fara ƙyaftawa da kansu, in ba ta yi ba ka danna maɓallin ka riƙe kamar daƙiƙa biyar har fitilar ta fara ƙyaftawa, sai ka saki. Kar ka yi ta riƙewa bayan ta fara.

In na Aqara ne ko tsoffin Xiaomi, bayan ka saki ka riƙa ɗan taɓa maɓallin sau ɗaya duk bayan daƙiƙa biyu ko uku har a gama, saboda suna saurin komawa barci kafin hob ya gama karanta bayanansu, sai ka ga ta shiga amma ba ta nuna batir ko ba ta nuna buɗe da rufe.

Da ta bayyana a waya, ka ɗauki maganaɗisun ka kawo shi gefen da yake da ɗan layi ko alama a jikin sensar, ka janye, ka sake kawowa. Ya kamata rubutun ya riƙa canzawa daga rufe zuwa buɗe kusan nan take. Ka kuma lura da nisan da yake canzawa, ka janye a hankali ka gani, wannan nisan shi ne iyakarka a jikin ƙofa. Wasu har kusan santimita biyu suna kamawa, wasu ko ɗaya ba sa kaiwa.

In ta ƙi haɗuwa, ka cire batir ka jira kamar rabin minti ka mayar ka sake. In an taɓa haɗa ta da wani hob sai an yi mata risetin da wannan dogon dannawar. In har yanzu shiru, canza batir, wanda yake zuwa a ciki wani lokacin ya daɗe a sito.

4. Ka sa mata suna nan take

Ɗaya bayan ɗaya ake yi. Ka haɗa ɗaya, ka sa mata suna kamar "ƙofar falo" ko "tagar kicin", ka rubuta sunan a guntun salatif ka liƙa a bayanta, sannan ka ɗauko ta gaba. In ka haɗa guda shida a tare duk za su fito da suna iri ɗaya.

5. Gwaji a wurin kafin gam

Ka je ƙofar da salatif ɗin takarda. Babban ɓangaren ya hau firam, wato inda ba ya motsi, maganaɗisun ya hau ƙofar, saboda ita ake bugawa kuma shi ba abin da zai lalace a cikinsa. Ka sa su can sama, ta gefen mariƙi ba ta gefen hinji ba, don a gefen hinji ƙofa za ta iya buɗewa har mutum ya zura hannu maganaɗisun bai yi nisan da sensar za ta sani ba. Layin da ke jikin wannan ya kalli layin da ke jikin wancan.

Yanzu ka buɗe ka rufe kamar sau goma kana kallon waya. Ka rufe a hankali, ka rufe da ƙarfi. Ka sa makulli sannan ka jijjiga ƙofar kamar yadda iska take yi, in ta nuna an buɗe alhali a kulle take to tazarar tana bakin iyaka, ka matso da su. Wannan gwajin jijjigar ka yi shi da gaske, iskar farkon damina in ta taso da tsakar dare ba abin da ya kai jiniyar ƙarya tayar da hankalin iyali, kuma daga ranar za a fara cewa a kashe abin nan. Ni ina barin salatif ɗin takardar ya kwana a wurin, washegari in buɗe tarihin sensar a manhaja in ga ko ta yi ƙarya ko ta ɓace a cikin dare, in ba ta yi ba sannan a manna.

6. Mannawa, da matsalar ƙofar ƙarfe

In ƙofar katako ce aikin minti biyu ne. Ka zana gefen da fensir, ka cire salatif ɗin gwaji, ka goge wurin da sifirit har ƙura da maiƙo su fita, ka bari ya bushe, ka ɓare gam ɗin ka danna da ƙarfi kamar rabin minti. Ka lura da ta inda murfin batir yake buɗewa kar ka toshe shi da bango.

Amma yawancin ƙofofin waje a gidajenmu na ƙarfe ne, ko na mai walda ko irin na kamfani masu nauyi, kuma ƙarfe yana ɓata abu biyu a lokaci ɗaya. Na farko yana janye ƙarfin maganaɗisun ya watsa shi a jikinsa, sai sensar da take kamawa daga santimita biyu a kan tebur ta koma sai sun kusa taɓa juna. Na biyu yana tare siginar rediyon. Alamarsa ita ce ƙofa a rufe waya tana cewa a buɗe, ko kuma yau ta yi gobe ta ƙi. Maganinsa shi ne kar ɗayansu ya zauna kai tsaye a kan ƙarfen, ka sa guntun katako ko roba a ƙarƙashin kowanne, rabin santimita ma yana kawo bambanci sosai. In babu katako, ka ninka salatif mai kaurin sau uku ko huɗu, ko ka yanka tsohon katin roba ka jera. In firam ɗin yana da bangon siminti a gefensa, ka ɗora sensar a kan simintin ma ya fi. In duk da haka maganaɗisun ya yi rauni, ka ajiye nasu ka sa wani mai ƙarfi irin farin nan mai ƙyalli, sensar ba ruwanta da na wane kamfani ne, sai dai ka jujjuya shi ka ga ta wane gefe ya fi kamawa kafin ka manna.

Sau da yawa kuma ƙofar da firam ba a daidai suke ba, ɗaya ya fi ɗaya fitowa. Ka cike ƙarƙashin wanda ya shige ciki har su zo kusa da juna, ko ka kwantar da maganaɗisun ta gefensa. Ba dole sai sun yi kyan gani ba, dole dai su kasance cikin tazarar da ka auna.

Tagar aluminiyom mai zamewa ta fi sauƙi don aluminiyom ba ya jan maganaɗisu. Abin lura kawai shi ne gilasai biyu ne kuma kowanne yana zamewa, in ka sa sensa ɗaya a gefe ɗaya to ɗaya gefen a sake yake. Ko ka sa biyu, ko ka sa sensar a jikin gilashi ɗaya maganaɗisun a jikin ɗayan a inda suke haɗuwa a tsakiya, duk wanda aka tura za ta sani, amma ka zame su har ƙarshe ka tabbatar ɗaya ba zai kankare ɗaya ba. Sandunan ƙarfen taga da ragar sauro ta ƙarfe su ma suna rage sigina kaɗan.

Zafi ma abokin gaba ne. Ƙofar da rana take duka a watan Afrilu gam ɗin da yake zuwa a kwali ba ya jure mata, wata rana za ka tarar da maganaɗisun a ƙasa. A irin wannan wurin ka sayi gam mai kyau irin wanda ake manna kayan mota da shi, ko ka ɗaure guntun katakon da sukuru ka manna sensar a kansa. Kar ka zuba mata sufa gulu, ranar canza batir za ka fasa ta. Get ɗin waje kuma, mafi yawan sensar nan ba a yi su don ruwa ba, sai a cikin ɗan akwatin roba mai murfi, roba fa ba ƙarfe ba.

7. In ƙofar ta yi nisa da hob

Nisan da ake rubutawa a kwali na fili ne, bangon bulo biyu ko uku ko rufin kankare mai rodi yana cinye shi. Zigbee tana da dabara, yawancin na'urorinta da suke jone da wuta kullum, kamar soket mai wayo, suna karɓar saƙo su miƙa gaba. Masu batir ba sa yin haka. To ka sa soket ɗin Zigbee ɗaya a tsakanin hob da ƙofar mai nisa, sannan ka sake haɗa sensar a wurin da za ta zauna don ta kama ta hanyarsa, tsoffin Aqara musamman suna maƙale wa hanyar da suka fara kamawa.

Sai dai a nan ne rashin wuta yake cizo. In soket ɗin yana layin NEPA zalla, ana ɗaukewa ya mutu, sensar da ta dogara da shi ta shiga neman hanya tana ƙona batir, wata ma ba za ta dawo ba ko an kawo wuta sai ka je ka danna ta. Don haka soket ɗin miƙa saƙo lallai ya kasance a layin inbata. Ƙwan fitila mai wayo ma kar ka dogara da shi, wani zai kashe makunnin bango. In ba ka da wutar da ba ta yankewa a tsakiya, gara ka matsar da hob ɗin kusa da ƙofofin da suka fi muhimmanci, ko ka sa hob na biyu da ƙaramin UPS ɗinsa a ɗaya ɓangaren gidan.

8. Sanarwa da jiniya

Kar ka kunna sanarwar kowace ƙofa dare da rana, kwana biyu za ka gaji ka daina dubawa. A wajen tsara aiki da kai na manhajar ka ce, in an buɗe ƙofar baya tsakanin 11 na dare da 5 na asuba a kunna jiniya a turo saƙo, ka daidaita lokacin da fitar masu zuwa masallaci. Ƙofar sito ko shago kuma a turo saƙo kowane lokaci. A wayar ka ba manhajar izinin sanarwa, ka cire ta daga cikin waɗanda ake kashewa don tattalin batir, ka kunna mata tashi da kanta, in ba haka ba wayoyin Android da yawa suna kashe ta a ɓoye saƙo ya zo bayan awa ɗaya.

Saƙon waya sai da intanet, data na ƙarewa ya tsaya. Jiniyar Zigbee da take ƙarƙashin hob ɗaya da sensar kuwa a hob da yawa tana iya kuka ko ba intanet, amma ka gwada naka, ka cire sim ɗin rauta ko wayar intanet ka bar hob a kunne, ka buɗe ƙofa ka ji. Ka kuma sani sensar nan buɗewa kawai take gani, in an fasa gilashi ba a zame tagar ba ba za ta ce komai ba, ɗakin da kake tsoron haka ka ƙara masa sensar motsi.

9. Canza batir

Mai Zigbee tana iya kai shekara ɗaya zuwa biyu in siginarta tana da kyau, in ka ga tana cinye batir cikin 'yan watanni to wahalar neman hob take sha, ka koma mataki na 7. Kar ka yarda da kason da manhaja take nunawa ɗari bisa ɗari, irin batirin nan mai kama da kwabo yana daɗewa a sama sannan ya faɗi lokaci ɗaya. Ka sayi mai kyau a cikin kwalinsa, na jabu sun cika kasuwa, ka duba ko akwai 'yar takarda a manne a ƙasansa ka ɓare, gefen da yake da alamar + ya bi yadda tsohon yake. Ba sai ka goge sensar daga manhaja ba, ka sa sabon ka danna maɓallin sau ɗaya ka buɗe ƙofar ka rufe, za ta dawo da sunanta da duk tsarin da ka yi mata. Tsohon batirin kuma kar a bar shi a ƙasa ko kan tebur inda yara suke, haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awanni, in hakan ta faru asibiti ake tafiya kai tsaye ba a jira.